Gidan Tarihi na Louvre

Louvre gidan tarihi ne da ke tsakiyar birnin Paris na ƙasar Faransa, a gefen Kogin Seine. Yana cikin gidajen tarihin da suka fi karɓar baƙi a duniya. A shekarar 2018 kaɗai mutum fiye da miliyan 10 suka ziyarce shi.

Asalin ginin ganuwa ce. Sarki Philippe Auguste ya gina ta wajen shekarar 1190 don tsare birnin daga farmaki, kuma har yau ana ganin tushen katangarta a ƙarƙashin ƙasa. A 1546 Sarki François na Ɗaya ya fara mayar da wurin fada. Da Louis na 14 ya kwashe fadarsa zuwa Versailles a 1682, sai ginin ya koma ma'ajiyar kayan sarauta da mazaunin masu zane. Juyin juya halin Faransa ne ya buɗe ƙofarsa ga talakawa, ranar 10 ga Agusta, 1793, da zanuka 537. Dalar gilashin da ke farfajiyarsa, wadda mai tsara gini I. M. Pei ya zana, an buɗe ta a 1989. Mutanen Paris da dama sun kushe ta da farko, yanzu kuwa ita ce alamar gidan.

Ginin ya kasu ɓangare uku: Denon, Sully da Richelieu. Kayan da ake nunawa sun kai kusan 35,000, yawancinsu na kafin 1848. Zanukan da suka biyo baya suna gidan tarihi na Musée d'Orsay, a ƙetaren kogin.

Mafi yawan masu yawon buɗe ido Mona Lisa ce ke kawo su, zanen da Leonardo da Vinci ya fara wajen 1503 a kan katako. Ƙarama ce, santimita 77 a tsaye, 53 a kwance, tana bayan gilashi mai kauri, kuma cunkoso kan hana mutum tsayawa gabanta. Satar da wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, ya yi mata a 1911 ta ƙara mata suna. Sai a 1913 aka gano ta a Florence. Abin mamaki, daura da ita akwai zane mafi girma a gidan, na mai zane Veronese, mai nuna bikin aure a Kana, wanda sojojin Napoleon suka ɗauko daga Venice a 1797. Jama'a sukan juya masa baya suna ɗaga waya.

Wanda ya yi haƙuri ya bar wannan ɗaki zai tarar da abubuwan da suka fi ta tsufa nesa ba kusa ba. Akwai dutsen da aka rubuta dokokin Hammurabi sarkin Babila a kai, da gunkin Venus de Milo da aka tono a 1820. Sashen fasahar Musulunci, wanda aka buɗe sabbin ɗakunansa a 2012, yana da darduma, tukwane da tagulla daga Andalus har Indiya. Cikinsu akwai wani ɗan akwatin hauren giwa da aka sassaƙa wa yarima al-Mughira a Andalus a shekarar 968.

Ana rufe gidan ranar Talata. Lokacin bazara layi kan yi tsawo, shi ya sa yawancin baƙi ke sayen tikiti ta intanet tun kafin su iso.