Ikon Ruhu Mai Tsarki a Rayuwa da Shaidar Kiristocin Kudancin Kebbi

Ikon Ruhu Mai Tsarki, a koyarwar addinin Kirista, shi ne ƙarfin da Allah yake ba mai bi domin ya yi zaman tsarki, ya jure wahala, ya kuma yi shaidar Yesu Almasihu a gaban mutane. Ɗarikun Kirista sun yi ittifaƙi cewa wannan iko kyauta ne daga Allah, ba a gadonsa kuma ba a sayensa. Inda suka rabu shi ne lokacin da ake samunsa da alamar da ke nuna an samu. A kudancin Jihar Kebbi, wato ƙasar Zuru da Yauri, inda Kiristocin jihar suka fi yawa kuma ake yawan yin sujada da Hausa, batun yana fitowa kullum a wa'azi, a taron addu'a, da cikin waƙoƙin Zumuntar Mata.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Ayyukan Manzanni 1:8, inda Yesu ya yi wa almajiransa alkawari cewa za su sami iko idan Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, sa'an nan su zama shaidunsa daga Urushalima har iyakar duniya. Sura ta 2 ta ba da labarin cikar alkawarin a Ranar Fentikos, kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa. Masu bi a lokacin wajen mutum 120 ne. Bitrus, wanda ya yi musun sanin Ubangijinsa har sau uku a daren da aka kama Yesu, shi ne ya miƙe ya yi wa taro wa'azi, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a ranar. Masu wa'azi sukan tsaya a kan wannan sauyi na Bitrus fiye da komai a surar, domin a nan ake ganin abin da ikon yake yi wa matsoraci.

Manzo Bulus ya kawo fuska biyu na aikin Ruhu. A 1 Korintiyawa 12 ya lissafa baye-baye irin su hikima, warkarwa, annabci da magana da harsuna, waɗanda ake rarraba wa masu bi domin amfanin ikilisiya duka. A Galatiyawa 5:22-23 kuwa ya ambaci albarkar Ruhu guda tara: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Baye-baye sun bambanta daga mutum zuwa mutum, amma waɗannan halaye tara ana neman su wurin kowane mai bi. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Kustantiniya a shekarar 381 shi ne ya tabbatar a rubuce cewa Ruhu Mai Tsarki Ubangiji ne mai ba da rai, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa.

Yadda koyarwar ta iso yankin

Mishan ɗin da ake kira UMS ya kafa tasha a Zuru a shekarun 1920, daga aikinsa ne ikilisiyar UMCA ta fito, wadda har yau take da ƙarfi a tsakanin Dakarkari, Dukawa, Fakkawa da Kambari. Tushen wannan mishan yana Amurka da Kanada, cikin masu koyar da cewa bayan tuba akwai tsarkakewar zuciya da Ruhu yake yi. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, ita ma ta bazu a yankin, haka Katolika, Anglikan da Baptis. Kudancin Kebbi yana ƙarƙashin Dayosis (yankin da bishop yake kula da shi) ɗin Katolika na Kontagora, Birnin Kebbi da Gusau kuwa suna ƙarƙashin na Sakkwato. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta sa Hausa ta zama harshen da ƙabilu masu yare dabam dabam suka koyi wannan koyarwa da shi, ko da yake a gida kowa da yarensa yake magana.

Daga shekarun 1960 ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta ɗora nauyin bishara a kan kowane mai bi. Manomi da ɗan kasuwa da matar aure suka shiga ƙananan rukunonin addu'a, suna fita ƙauyuka da ganga da waƙa. Kafin nan ana ganin shaida aikin Bature ne da mai bishara.

Bambancinsa da asiri

Nan ne koyarwar ta fi shan gwaji. Mutanen da bishara ta tarar ba baƙin maganar iko ba ne. Sun san tsafin gargajiya da ake kira Magiro, sun san laya da guru da maganin ƙarfe, sun kuma san bori a wurin maƙwabtansu Hausawa. A wannan tsari iko abu ne da ake nema wurin boka, a biya, a ɗaura a jiki, a kiyaye sharuɗɗansa don kada ya karye. Tambayar da sabon mai bi yakan fara yi ita ce, idan ya zubar da waɗannan, me zai tsare shi da iyalinsa?

Amsar da ikilisiya take bayarwa tana jingina ga labarai biyu. Na farko shi ne na Siman mai sihiri a Samariya, a Ayyukan Manzanni 8, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin su ba shi ikon ɗora hannu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Na biyu yana sura ta 19, inda masu sihiri a Afisa suka tara littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Daga nan al'adar kawo layu a ƙone kafin baftisma ta samo hujja. Koyarwar ita ce Ruhu Mai Tsarki ba abin mallaka ba ne da mutum zai sarrafa yadda ya ga dama. Mai bi ne yake miƙa kansa. Ana kuma raba cika da Ruhu da hawan iska. Wanda iska ta hau ba ya cikin hayyacinsa, amma Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 14 annabi yana iya riƙe kansa, kuma a yi komai a ikilisiya bisa tsari.

Gaskiya dai wannan rarrabewa ta fi sauƙi a kan bagade. Idan yaro ya kwanta ciwo ko gona ta ƙi, akwai masu zuwa sujada da safe su lallaɓa wurin boka da dare, dattawan ikilisiya kuma sun san haka.

Saɓanin ɗariku

Katolika da Anglikan suna danganta karɓar Ruhu da baftisma da kuma tabbatarwa, inda bishop yake ɗora wa mutum hannu. ECWA da Baptis suna koyar da cewa duk wanda ya tuba da gaske ya karɓi Ruhu tun ranar, abin da ya rage shi ne ya riƙa cika da shi ta wurin addu'a, karatun Maganar Allah da biyayya, bisa ga Afisawa 5:18. 'Yan Fentikostal, waɗanda tarihinsu yake komawa ga farkawar Titin Azusa a birnin Los Anjeles a 1906, suna cewa akwai baftisma ta Ruhu daban, alamarta kuwa magana da harsuna. Sun fi yawa a garuruwa, galibi da Turanci suke sujada, amma salonsu na addu'ar dare, azumi da fitar da aljanu ya shiga tsofaffin ikilisiyoyi ta hannun matasa da ɗalibai. Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne sayar da mai ko ruwa da sunan an yi musu addu'a. Fastoci da yawa suna ganin laya ce ta dawo da sabuwar riga, kuma labarin Siman yana goyon bayansu.

Shaida a tsakanin maƙwabta

A ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. A Birnin Kebbi, Argungu ko Gusau kuwa Kiristoci 'yan tsiraru ne, kuma tun da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, Kebbi ta bi sahu, wa'azin fili ya zama abin da ake yi da taka tsantsan. Saboda haka shaidar da ta fi tasiri a wuraren biyu ita ce ta hali: cika mudu, biyan bashi, zuwa gaisuwar mutuwa, kai wa maƙwabci abincin Kirsimeti da karɓar nasa na Sallah. Ana yawan karanta 1 Bitrus 3:15, inda aka umarci mai bi ya kasance a shirye ya ba da dalilin begensa, amma da tawali'u da ladabi.

Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Danko-Wasagu da Sakaba sun raba ƙauyuka da dama da mutanensu, wasu majami'u suka zama kufai. Wannan ya ƙara wa wa'azin jimiri nauyi. Ana komawa ga 2 Korintiyawa 12:9, inda aka ce wa Bulus ikon Allah yana cika ne cikin rashin ƙarfi, da Romawa 8:26, wadda ta ce Ruhu yana yin roƙo a madadin wanda ya rasa abin faɗa a addu'a. A aikace, Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa sukan tara hatsi da tufafi domin waɗanda suka gudo cikin gari, masu bishara da suka bar tashoshinsu kuma suna tara mutanensu sujada a inda suka sami mafaka.