Yadda ake gano kansar ƙwan mace

Kansar ƙwan mace ita ce wadda ke tsirowa a ƙwayayen haihuwa guda biyu da ke gefen mahaifa dama da hagu, kowanne bai fi girman dabino ba, kuma yanzu likitoci sun gano cewa da yawa daga cikin nau'in da ya fi tsanani ma daga bakin bututun da ƙwai ke bi ya shiga mahaifa yake farowa. Duk shekara mata sama da 300,000 ake samu da ita a duniya. Matsalarta wurin da take, can cikin ƙugu ne inda hannu bai kai wa da sauƙi, shi ya sa har yau babu gwaji guda ɗaya da za a yi a ce an gama, sai an haɗa abubuwa da dama.

Gwajin Pap da ake yi a asibitoci na bakin mahaifa ne, bai ganin wannan kansar ko kaɗan. Mace za ta iya yinsa a ce mata lafiya lau alhali ƙwan na da matsala, kuma mata da yawa a Nima ko Aboabo nan Gana suna ɗaukar takardar nan a matsayin an duba musu komai da komai.

Farko dai tambayoyi ne. Kumburin ciki da ya ƙi sauka, ƙoshi da wuri ko an ci loma biyu, ciwon mara, yawan fitsari, ramewa alhali cikin na ƙaruwa. Duk waɗannan kowa ya san su, shi ya sa ake cewa olsa ce ko iska a je kemis a sayi magani a sha wata da watanni. Ka'idar likitocin Ingila ita ce in alamun sabbi ne kuma suna zuwa fiye da sau 12 a wata, musamman ga wadda ta kai 50, to a yi gwaji. Daga nan likita zai taɓa cikin ya kuma duba ta gaba, amma ƙaramin ƙari hannu bai cika jin sa ba.

Sai gwajin jini mai suna CA-125, wanda Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1981. Ana ɗaukar 35 a matsayin iyaka. Yana hawa ga kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda cutar ta yi nisa, amma a matakin farko kusan rabi ne kawai yake nunawa, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsa nan ne yake da rauni. Ta ɗaya gefen kuma al'ada na ɗaga shi, ciki na ɗaga shi, ƙarin mahaifa da ake ce wa faibirod na ɗaga shi, ciwon sanyin mara, ciwon hanta, da tibi na cikin ciki wanda shi kam har ruwa yake tarawa ya yi kama da kansa sak. A wurin da faibirod ya yi yawa kamar nan Gana wannan ba ƙaramin abu ba ne, mace ta je lab da kanta ta ga lamba ta wuce 35 hankalinta ya tashi a banza, wata kuma ta ga 20 ta koma gida ta kwanta da cutar a jikinta. Ga 'yan mata da waɗanda ba su kai 40 ba ana ƙara wasu gwaje-gwajen jini masu suna AFP da hCG da LDH, don nau'in da ya fi kama su daban ne.

Sikan shi ne ginshiƙi. Akwai na saman ciki, wanda ake cewa a sha ruwa mara ta cika kafin a shafa man nan mai sanyi, akwai kuma na ta gaba da ake yi bayan an yi fitsari, shi ya fi nuna ƙwan sosai don ya fi kusa. Budurwa ana mata na saman ciki, kuma mace na da damar ta nemi mace ta yi mata ko a samu wata ta zauna a ɗakin. Abin da mai sikan ke kallo shi ne ko jakar ruwa ce zalla, baƙa wuluk a allo mai santsin bango, wadda galibi ba komai ba ce, ko kuwa tana da ɗakuna-ɗakuna da tsoka a ciki, ko ta kama gefe biyu, ko ruwa ya taru a ciki.

A 1990 Ian Jacobs da abokansa a Landan suka fito da lissafin auna yiwuwar ƙarin ya zama kansa da ake kira RMI, ana ninka makin sikan da na al'ada da lambar CA-125. Misali Hajiya mai shekara 55 da ta daina al'ada maki 3, sikan ya nuna alamu biyu maki 3, jini 60, ya zama 540. Yarinya mai al'ada da alama ɗaya da jini 60 ɗin dai, nata 60 ne. Daga 200 zuwa sama, wasu wuraren 250, ana tura mace wurin ƙwararrun kansar mata, a nan Korle Bu a Ankara ko Komfo Anokye a Kumasi. Can za a ɗauki hoton CT na ciki da ƙirji a ga ko ta yaɗu, hoton MRI kuma in sikan bai fayyace ba.

Duk da haka ba a cewa kansa ce tabbas sai an ga naman a ƙarƙashin madubin lab. In ƙarin yana wuri ɗaya ba a son a soka masa allura, don zai iya fashewa ƙwayoyin su watsu cikin ciki, sai dai a yi aiki a ciro shi ɗungurungum a aika. In ta riga ta yaɗu ana iya zuƙo ruwan cikin ko a gutsuro nama da allura ana kallo ta sikan. Da sakamakon aikin ake sa mataki daga 1 zuwa 4.

To me ya sa ba a tara mata masu lafiya a yi musu duk shekara? An gwada. A Ingila an bi mata sama da 200,000 da CA-125 da sikan, sakamakon ƙarshe ya fito a 2021 kuma mace-mace ba su ragu ba, Amurka ma ta samu haka a 2011, ga wasu an yi musu aikin da ba su buƙata. Inda lissafi ya canza shi ne gidan da uwa ko 'yar'uwa ko goggo ta yi kansar nono ko ta ƙwai, don ta wajen uba ma ana gado. Irin su ake ba shawarar gwajin ƙwayoyin halittar gado masu suna BRCA1 da BRCA2, mai matsala a BRCA1 haɗarinta ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari a rayuwa alhali na sauran mata bai kai 2 ba, kuma galibi ana ba ta shawarar cire ƙwayayen da bututun in ta gama haihuwa.