Ƙarfen Tsohon Jirgin Yaƙi: Wanne Za Ka Ajiye a Gida, Wanne Zai Kai Ka Kurkukun Goron Dutse?

A Ingila da Amurka tara kayan tsofaffin jiragen yaƙi sha'awa ce mai ƙungiyoyi da kasuwa, har za ka ga mutum ya shafe shekaru a gareji yana haɗa jirgi ɗaya daga guntayen da ya tsinto nan da can. A Najeriya babu wata doka guda da aka rubuta don mai irin wannan sha'awa. Dokoki daban-daban ne suka kewaye shi, kowacce da hukumarta, kuma wadda mutane suka fi ambata, wato dokar kayan tarihi, ita ce ta fi sauƙi a cikinsu.

Batun bai yi wa Kano nisa ba. Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a nan, saukar da ake lissafawa a matsayin mafarin harkar jirgin sama a ƙasar. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, Turawa sun riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, su haɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartoum har Alƙahira. Sama da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943, akwai Hurricane da Blenheim a ciki, kuma ba duka suka isa ba. A watan Agustan 1967, farkon yaƙin basasa, a filin jirgin Kano aka sauke jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet. Garin da irin wannan kaya suka ratsa, ga kuma kasuwar ƙarfe kamar Ƙofar Ruwa da 'yan gwangwan a kowace unguwa, ba abin mamaki ba ne guntun farfela ko agogon gaban matuƙi ya ɓulla a cikin tarin ƙarafa.

Kafin a kai ga kowace doka ta musamman, sai an amsa tambayar na wa ne. Jirgin soja kayan gwamnati ne, kuma daɗewa a daji ko cin tsatsa ba ya fitar da shi daga hannunta. Sai ta sayar ko ta bayar. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake rabuwa da kayan hukuma da suka gama aiki, galibi ta hanyar gwanjo, kuma gwanjo yana barin takarda. Wannan takarda ita ce gatanka. Kundin hukunta laifuka na Final Kod da kotunan Kano ke aiki da shi ya haramta karɓar kayan sata ga wanda ya sani, ko yake da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne. Wannan kashi na biyu ne ke kama mutane. Ƙarfe mai lambar soja a jiki, an sayar maka da araha, mai sayarwa ya ƙi faɗin inda ya samo: alƙali zai ce ai kana da dalilin zato. Shi ma wanda ya tsinta a gona bai kuɓuta ba, domin kundin ya hukunta mai tsintuwar da ya mayar da abu nasa alhali yana da hanyar sanin mai shi. Malamanmu ma cigiyar shekara suka ce a yi wa tsintuwa, kuma Bahaushe ya riga ya ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Saboda haka mai hankali ba ya sayen ko noti sai da rasidi mai sunan mai sayarwa da bayanin kayan da kwanan wata. Idan akwai ɗan farantin ƙarfe mai lambar kamfani a jikin kayan, kada a cire shi, kada a goge. Shi ne ke nuna daga wane jirgi abin ya fito, shi ne kuma rabin darajarsa a wurin masana. Lamba gogaggiya a idon ɗan sanda alamar rashin gaskiya ce.

Dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da Gidan Makama, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi. Ta hana fitar da su waje ba izini, ta kuma hana tono don neman su ba izini. Sai dai ma'anar da ta ba kayan tarihi ta fi karkata ga abin da aka ƙera a gida kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, ko abin da masu binciken tono ke nema na mutanen da. Takobin zamanin Sarki Alu ya shiga. Fiffiken Hurricane da aka ƙera a Ingila a 1941 bai cika sharaɗin shekara ba, bai cika na asali ba. Ƙofa ɗaya da ta rage ita ce hukumar ta ce abin yana da muhimmanci ga binciken tono, musamman idan daga ƙasa aka haƙo shi, don haka kada ka ɗauki diga da shebur ka nufi inda aka ce jirgi ya taɓa faɗuwa ba ka sanar da su ba.

A ganina wannan giɓi ba abin murna ba ne ko ga mai tarawa. Dokar da ba ta hana ka ajiye fiffiken ba, ba ta kuma hana maƙeri narka shi ya zuba tukwane ba. Jikin waɗannan jirage yana da alminiyom mai kyau, a kan sikeli kuwa kilo ake dubawa. Mai son ganin jiragen yaƙin basasa a tsaye sai ya tafi gidan tarihin yaƙi na Umuahia, alhali ta Kano wasu daga cikin irinsu suka shigo ƙasar.

Inda abin ke da zafi shi ne dokar bindigogi ta 1959. Ta kasa makamai gida uku, gida na farko shi ne waɗanda aka haramta: igwa, roka, bam, gurneti, bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja. Babu mai riƙe ɗayansu sai da lasisin Shugaban Ƙasa da kansa, kuma hukuncin saɓawa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Hurricane na farko-farko bindigogi takwas masu sarrafa kansu yake ɗauke da su a fikafikansa. MiG-17 kuwa igwa uku gare shi a ƙarƙashin hanci, ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23. Duk suna cikin gidan farko.

Wani zai ce ai tawa ta ruɓe, bakinta ya toshe, ko rabin bindigar ma ba ta kai ba. Dokar ta riga ta tare wannan hanya, domin a bayaninta bindiga ta haɗa da kowane ɓangare nata, harsashi ma ya haɗa da kowane ɓangare nasa. Ke nan kwanson harsashin da aka riga aka harba, wanda wasu ke gogewa ya yi ƙyalli su ɗora a kan kanta, yana iya jawo magana. Lauya zai iya tsayawa ya yi gardamar cewa ƙarfen da tsatsa ta cinye ya daina zama makami, wataƙila ma ya ci nasara, amma a gaban kotu za a yi gardamar, kai kuma kana tsare ko kana neman beli. Haka takardar da dillalin Turai zai haɗo maka da ita, mai cewa an kashe bindigar ba za ta ƙara harbi ba, shaida ce ta dokar ƙasarsu. Ba lasisin Najeriya ba ce.

Abin fashewa kuma ya wuce batun kotu. Bam ko harsashin igwa da ya shekara 80 a ƙasa bai mutu ba, tsufa ma ƙara masa saurin tashi yake yi. Kujerar da ke cilla matuƙi waje a jiragen zamanin MiG tana aiki ne da albarushi. Kanawa sun ga irin wannan a 2025, lokacin da fashewa a wuraren kayan gwangwan ta yi ajalin mutane, har gwamnatin jiha ta dakatar da shigo da tsofaffin ƙarafa daga jihohin Arewa maso Gabas. Wanda ya ci karo da ƙarfe mai siffar bam kada ya ɗaga, kada ya buga masa guduma, kada ya sa masa wuta don raba tagulla. A janye mutane, a kira 'yan sanda, suna da sashen kwance bam.

Akwai haɗari ɗaya da ido ba ya gani, kuma yana cikin abin da masu tarawa suka fi so, wato agogunan gaban matuƙi da kamfas. A wancan zamani da fenti mai sinadarin radiyom ake rubuta lambobinsu don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da dushewa, domin garin da ke ƙyallin ya lalace, amma radiyom ɗin yana nan, sai ya yi kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Muddin gilashin yana rufe haɗarin kaɗan ne. Matsalar tana ga mai gyara, wanda zai buɗe ya kankare tsohon fentin ya shaƙi ƙurarsa. Dokar 1995 ta sa duk sinadarai irin wannan a ƙarƙashin hukumar kula da nukiliya ta ƙasa, don haka mai shirin tara agoguna da yawa ko shigo da su ya fara tuntuɓarta. Ko guda ɗaya ne, ba a kai shi wurin mai gyaran agogo, ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko inda yara ke wasa.

A kan iyaka abin gajere ne. Tsofaffin ƙarafa da kayan tarihi duka suna cikin jerin abin da kwastam ta hana fitarwa, guntun jirgi kuma jami'i zai iya kiransa da kowanne daga cikin sunayen biyu. Mafita ita ce a kai wa jami'an gidan tarihi su duba su ba da takarda kafin a doshi filin jirgin Malam Aminu Kano. Shigowa da kayan soja kuwa sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma kafin a yi oda ake nemanta.

Mai saye ta intanet ya san cewa can ma da tasu dokar. A Birtaniya dokar 1986 ta kare duk jirgin da ya faɗi yana aikin soja, ba a tona shi sai da lasisin ma'aikatar tsaro. Sojan ruwan Amurka suna riƙe da cewa tarkacen jiragensu nasu ne ko a ina yake. Dalilin bai tsaya ga dukiya ba, sau da yawa wurin kabari ne. Jirgin Amurka samfurin B-24 da ya ɓace a hamadar Libiya a 1943 sai a 1958 aka hango shi, daga baya aka gano gawawwakin yawancin mutanensa, masu neman abin tunawa kuma suka yi ta yagar jikinsa har hukumomin Libiya suka kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994. Dillalin da ya kasa nuna izinin tono, ka bar masa kayansa.

Wanda ya haɗa jirgi don kallo kawai, ba makami a jiki, takardun sayensa cikakku, ba ya buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama. Ranar da ya ce zai tashe shi, lissafi ya sauya: sai rajista mai lambar 5N ta Najeriya, sai takardar shaidar lafiyar jirgi, sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a kan aikin, shi ma matuƙin sai da nasa lasisin. Masu zuwa ɗaukar hoto ko awon jirage don kwaikwayo su tuna cewa filin jirgin Kano a haɗe yake da sansanin sojan sama, kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta yi magana a kan ɗaukar hoton wuraren tsaro. A rubuta wa kwamandan sansanin takardar neman izini, a jira amsa a rubuce.