Ektopik yureta: me ake nufi da ita a jikin kare?

Duk wanda ya taɓa kiwon kwikwiya ya ga kullum bayanta a jiƙe, gashin cinyoyinta ya canja kala, ga zarni, ko bacci take yi sai ka tarar da wurin da ta kwanta da lema, to wannan kalmar ta shafe shi. Wasu ma dukanta suke yi wai bata da horo, alhali baiwar Allah bata ma san fitsarin yana fita ba.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙoda tana da siririn bututu da yake kai fitsari mafitsara, shi ne yureta. Ektopik kuma na nufin abu ya sauka inda ba wurinsa ba. To ita wannan kwikwiyar tun a ciki aka halicce ta da bututun ya wuce mafitsara ya je ya buɗe can ƙasa, a hanyar fitar fitsari ko cikin farji, babu abin da zai riƙe shi sai ɗiga kawai yake yi. Idan gefe ɗaya ne ya samu matsalar zaka ga tana tsugunawa ta yi fitsarinta daidai amma kuma yoyon bai tsaya ba, wannan shi ke ruɗa mutane. An fi gane shi a karnuka mata, kuma ya fi yawa a irin su Siberian Husky, Labrador da Golden Retriever, wato karnukan waje da ake saye da tsada.

Likitan dabbobi zai fara da gwajin fitsari domin yawanci akwai infekshan tare da shi, sai sikanin, sai hoton siti (CT, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) ko a zura 'yar kyamara ta hanyar fitsarin a gani da ido. Akasarin karnukan da ke da matsalar bututun nasu ta cikin bangon mafitsara yake bi ya wuce, irin wannan ana iya buɗe shi da hasken leza ba sai an farka ciki ba. In ta waje ya zagaye sai tiyata, a yanke a dasa shi a mafitsara. Ƙodar da ta riga ta kumbura ta lalace kuwa cire ta ake yi, muddin ɗayar lafiya lau take.

Amma fa ko bayan aikin wasu yoyon baya ɗaukewa gaba ɗaya saboda naman da yake matse bakin mafitsarar ma dama rarrauna ne, sai an ɗora su a kan magani irin fenilpropanolamin.