Barack Obama a majalisar dattawan jihar Illinois

An haifi Barack Hussein Obama ranar 4 ga Agusta, 1961, a Honolulu ta jihar Hawaii. Kafin ya shugabanci Amurka ya yi kusan shekara takwas yana wakiltar mazaɓa ta 13, a kudancin birnin Shikago, a majalisar dattawan jihar Illinois mai kujeru 59. An rantsar da shi a Janairun 1997, ya sauka a Nuwamban 2004.

Yadda ya samu kujerar

A Illinois ɗan takara ba ya shiga zaɓen fitar da gwani sai ya gabatar da sa hannun masu rajistar zaɓe na mazaɓarsa. Alice Palmer, mai riƙe da kujerar, ta tafi neman majalisar wakilai ta tarayya a 1995, ta sha kaye, ta dawo a makare ta tattara sa hannu cikin gaggawa. Nan aka samu matsala. Mutanen Obama suka bi takardun suna ɗaya bayan ɗaya, suna tsamo waɗanda ba su da rajista ko ba mazauna mazaɓar ba ne. Abin da ya rage bai kai adadin da doka ta gindaya ba. Haka aka yi wa sauran masu neman tikitin, ya tsaya shi kaɗai a jam'iyyar Demokrat. Ya lashe zaɓen 1996, ya sake ci a 1998 da 2002. Ratar da ke tsakanin zaɓukan ba daidai take ba saboda a kowace shekara goma sanatan jihar yana yin wa'adi biyu na shekara huɗu da ɗaya na shekara biyu.

Aiki a zauren majalisa

Shekara shida na farko 'yan Rifablikan ke da rinjaye, don haka dole ya nemi abokai a wancan ɓangare. Da su aka yi dokar 1998 da ta taƙaita kyaututtukan da 'yan majalisa ke karɓa.

A gaban kowane sanata akwai maɓalli uku: kore na amincewa, ja na ƙi, rawaya na "ina nan". Tun da ƙuduri yana buƙatar ƙuri'a 30 kafin ya wuce, danna rawaya daidai yake da ƙi. Obama ya danna shi fiye da sau 100, abokan hamayya kuma suka riƙa yi masa gori da hakan daga baya.

A 2000 ya ƙalubalanci Bobby Rush, mai riƙe da kujerar, a zaɓen fitar da gwani na majalisar wakilai ta tarayya, Rush ya ninka shi ƙuri'a.

Aikinsa mafi nauyi ya zo a 2003, da Demokrat suka karɓi rinjaye, Emil Jones ya zama shugaban majalisa, Obama kuma ya samu shugabancin kwamitin lafiya da walwalar jama'a. Lokacin jihar ta riga ta saki aƙalla mutum 13 da aka yanke wa hukuncin kisa bisa kuskure. Obama ya jagoranci dokar da ta wajabta naɗar tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. Da farko 'yan sanda da masu gabatar da ƙara sun ƙi. Ya yi ta zama da su, aka sanya wasu keɓance-keɓance, kamar idan na'ura ta lalace, har suka yarda. Gwamna Rod Blagojevich ya sa mata hannu a shekarar.

Da ya ci kujerar majalisar dattawan tarayya a 2004, Kwame Raoul ne ya gaje shi a mazaɓar.