Talakawa ko masu hannu da shuni: wa zan sayar wa?

Wanne ya fi riba?

Babu. Na gaji da wannan tambayar. Toyota tana sayar da motoci sama da miliyan 10 a shekara, Ferrari ko dubu 15 ba ta kaiwa, kuma kowaccensu tana cin riba. Waccan da yawan ciniki, wannan da kaurin riba a kan kowace mota.

Ai masu kuɗi ba sa neman ragi, ko?

Wa ya gaya maka? Suna nema, kuma za su dawo maka da kaya saboda ɗan tabon da kai ma ba ka lura da shi ba.

Ba zan iya haɗa su duka ba?

Taura biyu ba ta taunuwa. Da Toyota ta so masu kuɗi, sai ta fito da Lexus a 1989, suna daban, wurin sayarwa daban. Volkswagen kuwa ta manna tambarinta a jikin Phaeton mai tsada a 2002, kasuwa ta ƙi, aka daina ƙera ta a 2016.

Jarina kaɗan ne, ina zan dosa?

To, nan ne wurin natsuwa. Ana ɗauka mai ƙaramin jari dole talakawa zai nufa, amma ba lallai ba ne. Kasuwar araha tana son sari mai yawa da kuɗi mai saurin juyawa. Ribar kowane kaya ba ta taka kara ta karya ba, ranar da babban ɗan kasuwa ya sauke farashi kaɗan, sai ka ga naka a jibge ƙura tana hawa. Su kuma masu kuɗi, kana iya shafe watanni kafin ɗaya ya amince da kai, kuma in abokan cinikinka biyar ne, ɗaya ya juya baya, gidanka sai ya ji a jikinsa. Wasunsu ma su karɓi kaya su yi ta ja maka rai wajen biya. In sana'ar hannu ce da kai, ka kuma ƙware, zan fi karkata ga masu kuɗi. In kayan da kowa ke da su kake saye da sayarwa, wataƙila talakawa sun fi maka. Shi ma ya danganta da tsawon lokacin da za ka iya jurewa babu ciniki. Kada ka tsorata, zauna ka yi lissafin kawai.

In rubuta "mafi araha" a tallata?

Kul! Haka aka yi wa Tata Nano a Indiya daga 2009, aka yi ta shelar ita ce mota mafi araha a duniya, masu saye suka ja baya. Talaka ma yana da mutunci, ba ya son a nuna shi da yatsa a ce ga mai motar marasa hali.