Rubutun italik da alƙalamin tawada: tambayoyin masu koyo a Makka, Madina da Jidda

Da yawa daga 'ya'yan Hausawan da suka tashi a Saudiyya hannunsu ya faɗa da salon rubutun Larabci na nasakhi da ruƙ'a tun daga firamare, amma da sun juya kan boko sai ka ce kaza ce ta yi tono. Masu son gyara wannan hannun kan zaɓi italik. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakinsu.

Malam, mene ne italik, kuma shi ne wanda ake karkatarwa a kwamfuta?

Na kwamfuta jika ne. Kakansa kuwa wani rubutun hannu ne da ya bayyana a Italiya a ƙarni na 15, magatakardan fadar Paparoma suka riƙe shi don wasiƙu saboda yana da sauri kuma yana karantuwa. A 1501 Aldus Manutius ya buga littafi a Benis da haruffan ɗab'i da aka kwaikwayo daga gare shi, a 1522 kuma Ludovico Arrighi, wani magatakarda a Rum, ya fitar da ɗan littafin koyar da shi. Ana gane shi da abu uku: haruffa tsukakku, har "o" ta fi kama da ƙwai fiye da ƙwallo, ɗan kishingiɗawa dama da bai wuce digiri 5 zuwa 10 ba, sai kauri da siranta da ke fitowa daga faɗin bakin alƙalami, ba daga dannawa ba.

Wane alƙalami zan fara da shi?

Mai faffaɗan baki kamar kurfi, ba mai dunƙulallen kai ba. Lamy Joy na zuwa da baki mai milimita 1.1 ko 1.5 ko 1.9, kuma bakin nan na shiga jikin Lamy Safari. Pilot Parallel akwai 1.5, 2.4, 3.8 da 6. Mai koyo ya fara da 2.4 ko 3.8, domin babban baki ba ya rufa wa kuskure asiri. Wanda ya fara da 1.1 zai ga rubutunsa ya yi kyau tun ranar farko, ya shekara yana maimaita karkataccen harafi bai sani ba. A bar 1.1 sai lokacin rubutun yau da kullum.

Ina da alƙalamin gora na khaɗɗin Larabci. Ba zai wadatar ba?

Zai yi, in aka sake feƙe shi. Na Larabci ana yanka bakinsa a jirge don hannun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. In mai rubutu da dama ya ja italik da shi, kusurwar za ta miƙe da yawa, sandunan haruffa su rame, layukan kwance su yi ƙiba. A yanke bakin a miƙe. Abin sha'awa, wannan yankan na Larabci shi ne bahago ke nema a italik, don haka bahagon da ke zaune a ƙasar nan bai da wahalar samun alƙalami.

Yaya ake auna tsayin harafi?

Wanda ya san tsarin ɗigo na Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya riga ya san rabin amsar: alƙalami ne ke auna harafinsa. A italik, jikin ƙaramin harafi irin "a" da "n" faɗin baki 5 ne. Ka tsayar da faɗin bakin a tsaye, ka ja 'yan guntayen layuka biyar, ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, tsayinsu shi ne ma'auninka. Da baki 2.4 zai ba ka milimita 12, da 3.8 kuma 19, da 1.5 sai 7.5. Sandunan "b, d, h, k, l" su haura da faɗin baki 4 zuwa 5, wutsiyar "g, j, y" ta sauka da kamar haka. Manyan haruffa faɗin baki 7 ne ko da ɗan ɗori, wato sun fi sandar "l" gajarta. Nan mutane ke yawan tuntuɓe, su miƙa babban harafi har ya danne kalmar.

Kaurin rubutuna ba ya tsayawa wuri ɗaya. Me ke jawo haka?

Bakin alƙalamin ne ke juyawa a hannunka. Ya kamata faɗinsa ya zauna a digiri 45 daga layi, kuma ya dawwama a haka daga farkon harafi zuwa ƙarshe. Ba sai ka nemi abin awo ba. Ninke kusurwar takarda gida biyu, layin ninkin digiri 45 ne, sai ka kwafe shi da fensir a saman shafi. Gwaji kuma mai sauƙi ne: zana alamar tarawa. In layin tsaye da na kwance sun zo da kauri ɗaya, kana daidai. Daga nan ka cika layi da zane irin haƙoran zarto, hawa ya fito siriri kamar gashi, sauka ya fito da cikakken faɗin baki. In gefe ɗaya na layin ya yi zago-zago, kusurwar bakin ɗaya ta ɗaga daga takarda. Sassauta riƙo. Biro ne ya koya mana dannawa, shi kuwa wannan alƙalamin nauyinsa ya ishe shi.

Daga "a" zan fara har zuwa "z"?

A'a, gida-gida ake bi. Fara da "i, l, t". Sai gidan "n, m, h, r", inda bakan ke tsirowa daga tsakiyar sanda kamar reshe daga jikin itace, ya bar ɗan fili mai kusurwa uku tsakaninsa da sandar. In ya fito daga can sama, ka koma rubutun firamare. "U" da "y" su ne "n" a kife. Sai "a, d, g", masu lafaffen kai da ciki mai tsukewa ta ƙasa, sannan "o, c, e". Hausa ta ba mu kalmomin horo masu kyau: "mummuna" da "numfashi" za su nuna ko tazarar sandunanka ɗaya ce, "gadaje" da "agaji" su gwada cikin "a". Tsakanin kalma da kalma kada filin ya wuce faɗin "n". Minti 20 kullum, bayan Asuba ko bayan Isha, ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

To haruffanmu masu lanƙwasa fa, ɓ, ɗ da ƙ?

Wannan ce tambayar da littattafan koyarwa na Turawa ba su amsa ba, kuma a nan mai rubuta Hausa ya kamata ya saɓa musu. A salon magatakardan Rum, ana ƙawata sandunan "b, d, h, k, l" ta hanyar lanƙwasa kansu zuwa dama. Ga Bature ado ne kawai. Ga Bahaushe kuwa wannan lanƙwasar harafi ce mai ma'ana, domin ƙugiyar ƙananan ɓ, ɗ da ƙ ita ma dama take kallo. Ka bi adon nan ido rufe, sai "baki" ya koma "baƙi", "kafa" ta zama "ƙafa", "bari" ya zama "ɓari". Katin ɗaurin aure da aka rubuta haka, mai karatu sai ya yi ta canka.

Mafita ita ce ka bar duk sandunan da ba su da ƙugiya a miƙe, da ɗan ƙaramin shiga ta hagu a samansu kawai. Ƙugiyar kuma ka yi ta a fili: ja sandar daga ɗan ƙasa da layin sama, sannan ka ɗaga alƙalami ka ɗora mata kai daga hagu zuwa dama, irin kan "f", faɗinsa kamar baki 2. Kada ka tura bakin sama don ka yi ta a ja ɗaya, zai kafe a takarda ya fesa tawada. Bayan ɗ a bar ɗan sarari, musamman in "a" ko wata ɗ ke biye kamar a "haɗaɗɗe", don kada ƙugiya ta hau maƙwabciyarta. A manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyar hagu take, saboda haka B da D su ma a hana su adon da ake ja musu ta hagu.

Na sayi takarda mai kauri amma tawada na yin naso. Ba kauri ne ingancin takarda ba?

Ba shi ba ne. Lambar giram da ke jikin kwali nauyi kawai take faɗa. Abin da ke riƙe tawada shi ne sinadarin da ake sa wa takarda a masana'anta, kamar sitaci, don ya hana zarenta tsotse ruwa. In ya yi ƙaranci, layi zai fitar da 'yan ƙafafu ta gefe, siririn layin italik ya kumbura, tawada ta ɓullo ta baya. Tomoe River ta Japan giram 52 ce, siririya har kana hango rubutun baya, amma ba ta naso. Wata mai giram 100 kuma ta sha tawada kamar soso. Rhodia mai giram 80 da Clairefontaine mai 90, duka na Faransa, sun daɗe da amincewar masu wannan alƙalami. Don horon kullum, farar takardar firinta ta leza mai giram 100 zuwa 120 ta fi araha kuma takan yi. Mai sheƙi irin ta hoto a ƙyale ta, baki na zamewa a kai, tawada kuma ba ta bushewa. Italik na son takarda mai ɗan riƙo da za ka ji bakin na taka ta.

Mai ɗigo-ɗigo na milimita 5 ta dace da baki 1.1. Ga sauran, ja layukan awonka da baƙar tawada a takarda ɗaya ka riƙa sa ta a ƙarƙashi.

Yaya zan gane ta ƙwarai kafin in kwashi da yawa?

Sayi ɗaya tukuna, ko a kantin Jarir ko a maktabar unguwa, wato shagon kayan rubutu. Rubuta "mummuna" da bakinka mafi faɗi, ka duba gefen layin a haske, ka juya baya. Sai ka ja layi uku, ka shafa yatsa a kan na farko bayan daƙiƙa 10, na biyu bayan 20, na uku bayan 30, ka san tsawon jiran da za ka yi kafin juya shafi. In rubutu ya yi kyau a saman shafi amma ya fara tsallake a ƙasa, ba laifin takarda ba ne, maiƙo da gumin hannunka ne. Sa wata takarda ƙarƙashin hannun.

Zan iya zuba tawadar allo ko ta khaɗɗi a ciki?

Kul. Waɗannan da baƙin hayaƙi ko gawayi da ƙaro ake haɗa su, kuma ƙaron zai daskare a siraran hanyoyin da tawada ke bi zuwa baki. Haka baƙar tawadar zane da ake kira hibir sini da Larabci. Su na alƙalamin tsomawa ne. Nemi wadda aka yi don alƙalamin tawada, irin Parker Quink, Waterman ko Pelikan 4001. Ita Pelikan ɗin ba ta da yawan zuba, don haka tana rage naso a takarda mai rauni.

Zafin ƙasar nan na yi wa alƙalami illa?

Sosai. Alƙalamin da aka bari a mota da azahar, iskar cikinsa za ta kumbura ta turo tawada cikin murfi. A jirgin sama ma haka, don haka mai tafiya Kano ko Abuja ya cika shi fal ko ya zazzage shi sarai, bakin na kallon sama. A Madina da Riyad, inda iska ke bushe, da kuma ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke hurawa, faffaɗan baki na ƙafewa cikin ɗan lokaci in aka bar shi a buɗe, sai a rufe shi duk sanda aka tsaya. Jidda akasin haka ce: laima na sa takarda ta yi taushi, tawada ta daɗe ba ta bushe ba, don haka a ajiye takarda cikin ledarta. Duk wata guda a wanke alƙalamin da ruwa mai sanyi har ya fito garau, in ya toshe a ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya a kofi. Ban da ruwan zafi, ban da sanitaiza ko turare, domin suna lalata roba. A jingine bakin a kan tishu ya kwana kafin a sake cikawa.